Kafso a Kwanon Goro

Salaga, 3 ga Yuli, 2023

'Yata Hikmat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk danginmu na Bawku. Mu nan ruwa ya sauka sosai, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa, sai godiya.

Kada ki tsaya kina juya takarda kina neman mai ita. Ni ce Fuseina, gwaggonki ta nesa. Kakanki Abdul-Rashid da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ya tafi Bawku fataucin shanu ya ƙi dawowa. Sau ɗaya muka haɗu da ke, a bikin 'yata Firdaus a Yendi. Ni ce na ce miki kin rame, kika ɓata rai. Na san zamanin waya ne, amma kunnena ya yi nauyi, in an miƙo min waya sai in yi ta "iye, iye" har kati ya ƙare. Shi ya sa na ba Mudasiru wannan, direban da ke kawo mana albasarku ya koma da doyarmu.

Ga abin da ya sa na neme ki. Yayana Iliasu ba shi da lafiya. Wata biyu ke nan da kwanon rufin rumfar doya ya yanke shi a ƙwauri. Ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi. Muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa aka ba shi kafso, ya samu sauƙi, ciwo ya dawo. Aka sake ba shi, ya sake dawowa. Yanzu har ruwa yake fitarwa, kuma ya fara wari. Mutumin da shekara arba'in ba a rasa shi a sahun farko, yau a zaune yake salla a ɗakinsa. Babban asibiti kuwa ya ce ko kusa, wai abokinsa ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya.

An ce min kina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ki taimaka ki aiko mana da magani mai ƙarfi, irin wanda ake shigowa da shi ta kan iyakar Kulungugu, kowa yana yabonsa. Tsoro nake ji, Hikmat. Shi kaɗai ya rage min a ɗakinmu.

Gwaggonki,
Fuseina

Bawku, 7 ga Yuli

Gwaggo Fuseina,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, har da maganar ramar. Duk muna lafiya. Allah Ya ba Baba Iliasu lafiya, Ya sa kaffara ne.

Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan aiko da magani ba. Ba rowa ba ce, ki saurari dalilina.

Abin da ke cin ƙafar Baba wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, muna ce musu bakteriya. Ta wurin yankan suka shiga, suna hayayyafa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Magungunan da ke kashe su ana kiransu antibayotik. Wani yana fasa bangon da ke kewaye da ƙwayar cutar, ta fashe ta mutu. Wani yana hana ta ƙera abin da take gina jikinta da shi. Sai dai bakteriya iri-iri ce, kuma kowane magani da waɗanda yake iya wa. Babu wani mai ƙarfi guda ɗaya da ke kashe duka. Aikina ke nan kullum: a kawo min ruwan ciwo, in shuka shi a faranti, in ga wace iri ce ta tsiro, in gwada mata magunguna in ga wanne ke kashe ta. Daga Bawku ba na ganin ƙafar Baba. In na aiko da wani abu, caca na yi da ita. Na kan iyaka kuwa, wani ya sha rana a kan tire har ya lalace, wani ma ba a san abin da ke cikinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da yake samu ciwo ya dawo. In aka fara magani aka tsaya a tsakiya, ko ana sha ana tsallakewa, masu rauni ne ke mutuwa. Masu taurin kai su rage, su cika wurin da 'ya'yansu, har a kai lokacin da maganin ba ya yi musu komai. Don haka ki faɗa min: nawa aka ce ya sha a rana, na kwana nawa, kuma ya shanye? Ki aiko min da kwalin in yana nan.

Ku kai shi babban asibiti, kada ku jira. In aka yi sakaci ana iya rasa ƙafar.

'Yarki,
Hikmat

Salaga, 19 ga Yuli

Hikmat,

Gaisuwa. Muna nan yadda kika bar mu, ko in ce mun fi haka.

Takardarki kwana goma sha ɗaya ta yi a hanya. Da na tare Mudasiru a tasha sai ya ce, "Hajiya, mota ya ɓaci a Gushegu, ni ma na wahala sosai paa." Na ce to, bari in ga abin da aka aiko. Na buɗe ambulan, na zazzage, na leƙa ciki, ko ƙwaya ɗaya babu. Na roƙe ki magani, kin aiko min da lacca.

Sau uku na karanta. Abin da na fahimta shi ne kin ɗauke mu mutanen da ba su san yadda ake haɗiyar magani ba. Sannan kika rufe da "ana iya rasa ƙafar", haka kawai, kamar kina faɗa min kuɗin albasa ya tashi. Ƙafar yayana ce fa. Lokacin da uwarmu ta rasu ba wanda ya tako daga Bawku, na ce nisa ne. Yanzu na fara tunanin ba nisa ba ne kawai.

Tunda kin ƙi, na sayi kafso mai ja da rawaya wajen mai tire, ina buɗewa ina zazzaga garin a kan ciwon, kamar yadda kowa ke yi. Bai yi ba. Jan ya hau sama, ya kusa gwiwa, jiya har zazzaɓi ya yi.

Tambayarki kuma, ga amsa, ga kwalin nan na haɗo miki don kada ki ce ƙarya nake. An rubuta ɗaya sau huɗu a rana, kwana bakwai. Ranar Litinin aka ba shi, Alhamis da safe na duba babu ko ɗaya, ya shanye tas. Na farkon ma haka ya yi. Ki nuna min mai shan magani da ya fi wannan a Bawku.

Fuseina

Bawku, 22 ga Yuli

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Wannan ban jira Mudasiru ba, motar fasinja na ba.

Ki yafe min. Na rubuta miki kamar ina magana da abokan aiki, ban tuna da zuciyar mai karantawa ba. Wallahi da na rubuta maganar ƙafar nan sai da na ajiye biro. Rashin zuwa ta'aziyya kuma laifinmu ne, ba ni da abin cewa.

Amma Gwaggo, ki zauna ki yi wannan lissafin tare da ni. Ɗaya sau huɗu a rana, kwana bakwai, kafso ashirin da takwas ke nan. Daga Litinin zuwa safiyar Alhamis kwana uku ne, abin da ya kamata ya sha goma sha biyu. Ina goma sha shida suka tafi? In shi ya haɗiye su duka, da cikinsa ya ba ku labari. Ni dai ina zargin maganin nan ba cikin Baba yake tafiya ba. Ki sa ido, kada ki tambaye shi.

Garin kafso a kan ciwo ki daina, don Allah. Cutar ta shige cikin nama, garin ba ya kai mata, sai dai ya ƙara ɓata wurin. Ki wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ja da ke hawa sama ga kuma zazzaɓi, alamar cutar na neman shiga jini ce. Ranar da takardar nan ta same ki, ranar za ku tafi asibiti, ko da faɗa ne.

'Yarki,
Hikmat

Yendi, 29 ga Yuli

'Yata Hikmat,

Assalamu alaikum. Ki duba saman takarda, daga Yendi nake rubuto miki. Na janye maganganuna, amma ba duka ba, ta ramar tana nan.

Kin yi gaskiya. Ranar da takardarki ta zo akwai sabon kwali da aka ba shi. Na ce bari in ba shi awa biyu kafin faɗan asibiti. Na ja kujera na zauna bayan labulen zaure, inda yake kwance yana karɓar masu dubiya. Kunne ne babu, ido yana nan. Sumani, abokinsa tun suna yara, ya shigo yana tari. Suka gaisa. Yaya ya jawo kwanon goronsa ya buɗe, ya ba shi goro ɗaya. Sai na ga ya sake sa hannu, ya fito da katin kafso, ya yage biyu ya danƙa masa. A cikin kwanon goro yake ajiye su, Hikmat! Bayan Sumani wata maƙwabciya ta zo da ciwon haƙori, biyu. Wani mai mura, biyu. Kafin azahar rabin kati ya bi gari.

Da zauren ya yi fili na fito. Na ce, "Yaya, me na gani?"

Ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Fuseina, mutum ya tako ƙafa ya zo duba ni, yana tari a gabana, ga magani a kwanona, sai in kau da kai? A gidan nan? Da goro kakanmu ya gina gidan nan, ba wanda ya taɓa shigowa ya fita hannu wofi."

Na ce, "Kai nawa kake sha?"

Ya ce, "Ɗaya da safe. In ya ragu, ɗaya da yamma."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Ke ba ki san shi ba. Tun muna yara in an ba shi ƙosai ɗaya sai ya nemi wanda za su raba. Wata biyu ashe unguwa guda muke yi wa magani, mai ciwon yana samun ragowa.

Na ce asibiti, ya ce a'a. Na ce to, daga yau a ƙofar gida zan zauna, duk wanda ya zo dubiya ni zan kore shi da bakina, kuma ka san bakina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a kira mota. Ya gwammace wuƙar likita da a kori baƙo daga ƙofarsa. Na zaɓi Yendi don Firdaus na nan, kuma ba wanda ya san shi balle a yi masa layi. Kwanon goron na kulle a akwatina.

An ba shi gado shekaranjiya. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Na faɗa mata komai har da garin kafso, ban ɓoye nawa laifin ba. Ta ɗebi ruwan ciwon ta ce za a aika Tamale a shuka, irin aikinki ke nan. An sa masa magani ta jijiya. Sai ta ɗauki biro ta zana layi a fatarsa, ta kewaye iyakar jan gaba ɗaya. Ta ce, "Hajiya, wannan layin za mu riƙa kallo. In jan ya ja baya, muna cin nasara. In ya tsallake, za mu zauna mu yi wata magana." Ban tambaye ta wace magana ba.

Tun daga nan ba ni da aiki sai kallon layin biro. Yau da safe jan yana daidai kansa, bai ja baya ba.

Gwaggonki,
Fuseina

Yendi, 1 ga Agusta

Hikmat,

Jan ya tsallake layi da faɗin yatsa biyu. Sakamakon Tamale bai zo ba. Gobe za su shiga da shi ɗakin tiyata. Ki yi mana addu'a, ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

Fuseina

Bawku, 9 ga Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Yau kwana shida da samun 'yar takardarki, daga nan shiru. Na kira tsohuwar lambar Firdaus da ke wurina, ba ta shiga. Na tambayi Mudasiru, ya ce ya biya ta asibitin bai gan ki ba.

Ba ki faɗa min tiyatar mece ce ba. Ina gaya wa kaina wataƙila mugunya ce ta taru za su fitar, domin magani ba ya ratsa taruwar mugunya sai an buɗe. Amma zuciyata tana kai ni wani wuri. Ina duba farantan mutane a wurin aiki, ƙafar Baba nake gani. Ni na ce ku kai shi. In an yanke, ki faɗa min kai tsaye, zan zo in durƙusa a gabansa. Ga lambata a ƙasa, ki ba Firdaus ta kira ni ko da kalma ɗaya ce.

'Yarki,
Hikmat

Salaga, 26 ga Agusta

'Yata Hikmat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna gida, muna lafiya, mu da ƙafafunmu huɗu cif. Na san Firdaus ta kira ki ta ce ƙafa tana nan, amma Firdaus ba ta iya ba da labari ba, ubanta ta biyo. Bari ki ji daga bakin mai shi.

Yadda kika zata haka ne. Mugunya ce ta taru a ciki, suka tsaga suka fitar, suka wanke. Da aka turo shi daga ɗakin tiyata ban kalli fuskarsa ba, mayafin na ɗaga na ƙirga yatsu. Washegari sakamakon Tamale ya iso. Likita ta ce ƙwayoyin da ke ƙafarsa sun daina jin kafson da muke ta saya, har da na farkon da suka sa masa ta jijiya, amma akwai wani da ke kashe su. Nan take aka canja. Kwana biyu ba abin da ya motsa, na daina cin abinci, shi ya sa Mudasiru bai gan ni ba, ina kwance gidan Firdaus da jiri. Rana ta uku na je, na tarar jan ya koma bayan layi. Rana ta biyar tsakaninsa da layin ya kai tafin hannuna. Hikmat, guɗa na yi a tsakiyar ɗakin marasa lafiya! Wata nas ta zo tana min faɗa da Dagbanci, na ce ta yi ta yi, ba na ji.

Ranar sha huɗu ga wata aka sallame mu da ƙwayoyi na kwana goma. Likita ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Baba, wannan naka ne kai kaɗai. In ka ba wani biyu, shi ba su warkar da shi ba, mai mura ma ba ruwan maganin nan da ciwonsa, kai kuma ka buɗe wa cutar ƙofa ta dawo." Ya ce ya ji. Ni ban yarda ba.

Muna isowa gida Salaga ta cika zaure. Na ce ni zan riƙe maganin, ya ce a'a, in mayar masa da kwanonsa, in sa maganin a ciki kamar da. Ya ce in ba a gabansa yake ba, bai san ko ya iya hana kansa bayarwa ba. Na ba shi, na koma bayan labule.

Rana ta huɗu sai ga Sumani, tarin nan yana nan har ya fi da. Suka gaisa, ya karɓi goro, ya zauna yana kallon kwano. Da ya ga shiru sai ya miƙa hannu da kansa. Na ga Yaya ya ɗora tafinsa a kan murfin. Gumi ya keto masa, wallahi ko a ƙofar tiyata bai yi irin wannan gumin ba. Sai ya ce da ƙarfi, har ni na ji, "Sumani, wannan ba zan ba ka ba." Sumani ya sunkuyar da kai, ya fara neman takalminsa.

Yaya ya ce, "Tsaya. Miƙo min sandata. Wata biyu ina ba ka biyu-biyu, tarinka bai tafi ba, ƙafata ta kusa tafiya. Tashi mu je a duba ka."

Ya miƙe, ya kama hannun Sumani, suka fita. Ya taka da ƙafar nan tun daga ƙofar gida, ya wuce masallaci, ya wuce rumfar doyar da ta yanke shi, har ƙaramin asibiti, mutane na fitowa daga shaguna suna kabbara. Ni ina baya ina share hawaye ina yi masa faɗa ya rage sauri. An karɓi majinar Sumani za a gwada. Jiya Juma'a kuma Yaya a tsaye ya yi salla, a sahun farko.

Mudasiru zai ba ki doya goma da ƙullin goro. Ki ci doyar, kin san dalili. A cikin goron za ki ga katunan maganin, duk a huje, babu ko ƙwaya. Yaya ne ya ce lallai in sa miki su, kuma in rubuta miki wannan yadda ya faɗa:

"A gaya wa 'yata ta Bawku ta ƙirga, lissafinta zai fita daidai. Shekarata saba'in da ɗaya, wannan ne abu na farko da na cinye ni kaɗai. Ta zo Salaga da yaranta, da ƙafata zan taro su a tasha."

Gwaggonki,
Fuseina